Kuɗi a Bakin Buhu: In An Biya Ka Fiye da Albashinka

Darasi domin ma'aikata da iyalinsu

Kafin ka soma, karanta Farawa 42:25-35 da 43:1-23.

Bari mu fara da misali. Wani ɗan'uwa yana aiki a mangazar wani kamfani a Maradi. Albashinsa jika 90 ne a wata. Da shugaban mangazar ya tafi Yamai ƙaro ilimi na wata uku, sai aka ce shi ya riƙe wurin, aka ƙara masa jika 15 kowane wata saboda riƙon. Wata uku suka cika, shugaba ya komo, ɗan'uwan nan ya koma bakin aikinsa na dā. Amma da ƙarshen wata na huɗu ya yi, saƙon banki ya shigo salularsa, ya duba ya ga jika 105. An manta ba a cire kuɗin riƙon ba.

Lokacin kuwa tsakiyar damina ne. Rumbu ya yi ƙasa, tiyar hatsi ta yi tsada, ƙaramin yaronsa kuma yana fama da zazzaɓi. Da dare ya faɗa wa matarsa. Ta ce, "Maigida, ai ka san mun yi ta addu'a a kan kuɗin maganin yaron nan. Ko Allah ne ya ji mu?" Ya yi shiru. Shi ma abin da yake so ya gaskata ke nan. Ya ce a ransa, bari in jira wata mai zuwa in gani, watakila su gyara da kansu.

Ba su gyara ba. Wata na biyar ya zo da jika 105, na shida ma haka.

Ya mai karatu, da kai ne, me za ka yi? Kada ka yi saurin amsawa. Mutum yana iya cika baki sa'ad da cikinsa yake cike. Bari mu duba Maganar Allah tare, mu ga ko ta taɓa wannan al'amari.

1. KUƊIN NA WANE NE?

A zamanin Yusufu aka yi babbar yunwa. 'Yan'uwansa goma suka gangara Masar daga Kan'ana domin su sayo hatsi. Ba su gane shi ba, amma shi ya gane su. Ya tsare Saminu, ya sallami sauran. A ɓoye kuma ya umarta a cika buhunansu da hatsi, a mayar wa kowa kuɗinsa a cikin buhunsa.

A masauki a kan hanya ɗayansu ya kwance buhu domin ya ba jakinsa abinci, sai ga kuɗinsa a bakin buhun. Ka lura da abin da ya faru. Mutanen nan suna cikin yunwa, suna da mata da 'ya'ya, ga hatsi ga kuɗi sun samu. Duk da haka ba wanda ya yi murna. Gabansu ya faɗi, suka yi rawar jiki, suna tambayar juna abin da Allah ya yi musu. Da suka isa gida kowa ya zazzage buhunsa ya ga nasa ƙunshin kuɗin, tsoro ya kama su, har da mahaifinsu. Me ya sa? Domin sun san hatsin da suka ɗauko ba a biya shi ba. Kuɗin suna hannunsu, amma na mai hatsi ne.

Da hatsin ya ƙare, za su koma Masar, tsoho Yakubu ya ba su shawara. Ya ce su riɓa kuɗin da za su ɗauka, su kuma mayar da waɗanda aka samu a bakin buhunan, gama watakila kuskure aka yi (Farawa 43:12). Yakubu fa ba baƙon wayo ba ne. Shi ne ya sayi matsayin ɗan fari daga wansa da kwanon fate, ya kuma ruɗi mahaifinsa makaho. Ya ɗanɗani abin da wayo yake haifarwa, shekara ashirin yana gudun hijira. Da ya tsufa, bai ce wa 'ya'yansa su yi shiru ba.

Da suka isa gidan Yusufu, tun a bakin ƙofa suka tsai da wakilin gidan suka faɗa masa kome, suka nuna masa kuɗin cif. Wakilin ya kwantar musu da hankali. Ya ce kada su ji tsoro, shi kuɗinsu sun riga sun shiga hannunsa, wannan kuwa Allahnsu ne ya sa musu. Sa'an nan ya fito musu da Saminu.

Ga abin koyo a nan. Kuɗin nan ashe kyauta ce tun farko. Amma 'yan'uwan ba su da ikon kiransu kyauta sai da mai gidan ya faɗa da bakinsa. Kyauta sai da sanin mai bayarwa. Abin da ya shigo hannunka ba da sanin mai shi ba, ajiya ce, kai kuwa mai tsaro ne har ran da ka sanar da shi. In ya ce ka riƙe, ka ci da godiya. In ya ce ka kawo, dā ma nasa ne.

2. TSINTUWA DA CIGIYA

Wani zai ce, "Ai ni ban sa hannu a aljihun kowa ba. Tsintuwa na yi." To, mu Hausawa mun san hukuncin tsintuwa tun kaka da kakanni. In akuya ta biyo garkenka ta shiga gidanka, ba ka yanka ta. Kakan kai maganar wurin mai gari ko mai unguwa, a yi cigiya ran kasuwa. Wanda ya yi shiru ya haɗa ta da nasa, ran da aka gane, sunansa ɗaya da wanda ya haura katanga.

Shari'ar da Allah ya ba Musa ma haka ta ce. A Maimaitawar Shari'a 22:1-3 an umarci mutum, in ya ga sa ko tunkiyar ɗan'uwansa ta ɓace, kada ya yi kamar bai gani ba. Sai ya mayar masa. In mai ita yana nesa, ko ba a san shi ba, sai ya ajiye ta a gidansa har mai ita ya zo nema. Haka kuma jaki, da riga, da kowane abu. Fitowa 23:4 ta ƙara da cewa ko dabbar maƙiyinka ce, ka mayar masa.

Ka ga, wanda ya tsinci akuya yana da wahalar neman mai ita. Kai da aka ƙara wa albashi ba ka da wannan wahala. Ka san mai kuɗin, ka san ƙofarsa, kowace safiya kana gaishe shi.

Littafin Firistoci 6:1-7 ya ƙara zurfafa maganar. An jera wanda ya ci amanar ajiya, da wanda ya yi ƙwace, da wanda ya tsinci abu ya yi ƙarya a kansa, duka a layi ɗaya. An kuma ce laifin nan ga Ubangiji aka yi shi, ko da yake mutum aka cuta. Maganinsa kashi biyu ne. Da fari mai laifin zai mayar da abin duka, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Bayan haka ne zai kawo rago wurin firist. Ka lura da jerin. Mayarwa tana gaba, hadaya tana biye. Ubangiji Yesu ya koyar da wannan jeri a Matiyu 5:23-24, inda ya ce mai kawo baiko, in ya tuna ɗan'uwansa yana da magana a kansa, ya bar baikon ya je su shirya tukuna.

3. DALILAN DA ZUCIYA TAKAN KAWO

Zuciyar mutum gwana ce wajen neman hujja. Ga waɗansu da takan kawo. Bari mu auna su ɗaya ɗaya.

"Allah ne ya amsa addu'ata." Hakika Allah yana amsa addu'a, yana kuma ciyar da 'ya'yansa ta hanyar da ba su zata ba. Amma ga gwaji mai sauƙi. Kyautar Allah ba ta tsoron haske. In kana iya tsayawa ran Lahadi a gaban ikkilisiya ka ba da shaida, akawun kamfani yana zaune yana ji, to, albarka ce. In kuwa albarkar za ta ƙare ran da aka ji labarinta, ba daga wurin Allah ta fito ba. Gehazi, baran annabi Elisha, ya karɓi azurfa da riguna daga hannun Na'aman, abu na fari da ya yi kuwa shi ne ya ɓoye su a cikin gida (2 Sarakuna 5:20-27). Ɓoyon nan ya isa ya faɗa masa gaskiya.

"Ba laifina ba ne, su suka yi kuskure." Gaskiya ne. A wata na fari ba ka da laifin kome. Kuskuren na akawu ne. Amma daga ranar da ka gani ka yi shiru, shirun naka ne. Yakubu 4:17 ta koya mana cewa wanda ya san abin da ya kamata, ya ƙi yi, ya yi zunubi.

"Kamfani yana da kuɗi, ba zai ji ba." Ko, "Kuɗin gwamnati ne, ba na kowa ba." Ɗan'uwa, kamfani ba ya zubar da hawaye, amma akawu yana yi. Ran da masu bincike suka zo, sunan wanda ya shirya takardar za su nema. Ana iya yanke masa albashi, ana iya korarsa, ana iya ce masa kun haɗa baki ne kuna rabawa. A aikin gwamnati ma, a ƙasashenmu masu amfani da sefa, ka'ida ita ce ma'ajin gwamnati yana ɗauke da alhakin kuɗin da suka bi ta hannunsa a kan kansa. In ya biya abin da bai kamata ba, ana iya bin sa daga aljihunsa. Shi ma yana da mata da 'ya'ya. Kuɗin gwamnati kuwa harajin mai tebur ne da na mai sayar da akuya a kasuwa. Jika 15 ba ƙaramin abu ba ne. Tun daga watan Janairu 2024 albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yarda a biya a Nijar jika 42 ne. Ka ga jika 15 sun fi sulusin abin da wani yake yi wa gumi wata guda.

"Zan fitar da ushiri daga ciki." Ba a yi wa Allah baiko da akuyar maƙwabci. Sarki Dawuda ya ƙi miƙa hadaya da abin da bai biya ba, ko da yake mai masussukar ya so ya ba shi kyauta (2 Sama'ila 24:24). Balle abin da mai shi bai ma san ya fita ba.

"Su ma suna cin hakkina." Wannan ita ce hujja mafi nauyi, ba za mu yi wasa da ita ba. Dattawan ma'aikata suna tune da shekarun 1990, sa'ad da ma'aikatan gwamnati suka yi watanni ba albashi. A watan Janairu 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi, kaya suka yi tsada, albashi bai bi su ba. Har yau akwai masu aiki fiye da lokaci ba a biya su, akwai waɗanda aka yi wa alkawarin ƙari shekara da shekaru. Allah bai rufe ido ga wannan ba. Shari'ar Musa ta ce a biya ɗan ƙwadago hakkinsa kafin rana ta faɗi (Maimaitawar Shari'a 24:14-15). Yakubu 5:4 ta ce ladan da aka hana masu girbi yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji. Saboda haka in ana bin ka hakki, ka nema. Ka rubuta, ka je wurin wakilan ma'aikata, ka kai ƙara inda doka ta ce. Kana iya ma cewa, "Kun biya ni jika 15 fiye da nawa, ni kuma ina bin ku kaza, sai mu zauna mu yi lissafi." Wannan magana ce a fili, ba aibu a cikinta. Abin da bai dace ba shi ne ka zama kai ne mai ƙara, kai ne alƙali, kai ne kuma mai karɓar tara a ɓoye. Laban ya sauya wa Yakubu lada har sau goma, duk da haka Yakubu ya iya tsayawa a gabansa ya ce bai taɓa cin ragon garkensa ba, dabbar da naman jeji ya kashe ma shi yake biya (Farawa 31:36-42). Da ya taɓa ci, da bakinsa ya mutu a ranar.

4. ABIN DA DOKAR ƘASA TA CE

Ya kamata mai bi ya san dokar ƙasarsa, gama Romawa 13 ta umarce mu mu yi biyayya ga mahukunta, mu ba kowa hakkinsa. Dokar mu'amala tsakanin mutane da Nijar ta gāda daga Faransa, wadda aka fara rubutawa a 1804, tana da ka'ida a kan wannan. Wanda ya karɓi abin da ba a bin sa, ko da saninsa ko bisa kuskure, wajibi ne ya mayar wa wanda ya ba shi. Wato ko a gaban alƙali, kuskuren akawu bai mai da kuɗin naka ba.

Ka yi lissafi kuma. Jika 15 a wata, cikin wata takwas sun zama jika 120. Cikin shekara, jika 180, wato albashin wata biyu cif na ɗan'uwan nan. Kana ci kaɗan kaɗan, amma ran biya a dunƙule za a nuna maka. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Takarda kuwa ba ta mantuwa, kwamfuta ma haka.

Amma dokar tana kāre ka kai ma. Albashi abincin iyali ne, saboda haka doka ta ƙayyade abin da za a iya yankewa daga cikinsa a wata. Maigida ba shi da iko ya riƙe albashinka duka a kan bashi. Akwai dokar aiki ta 2012, akwai kuma masu duba sha'anin ma'aikata na gwamnati, wato Inspection du Travail, a manyan garuruwan jihohi. In kun kāsa daidaitawa da maigidanka a kan yadda za ka biya, su ne za ka nufa.

5. TO, ME ZAN YI?

Na ɗaya, ka tabbata tukuna. Ka ɗauki takardar albashin wannan wata da ta watan jiya, ka bi su layi layi. Wani lokaci ƙarin hakkinka ne, kamar ƙarin girma da ya makara aka haɗa maka, ko kuɗin hutu, ko bashin baya. Tambaya ita za ta raba gardama.

Na biyu, kada ka taɓa kuɗin. Ka bar su a banki, ko ka ƙulle su dabam. Kuɗin da suka shiga tukunya da wuya su fito.

Na uku, ka faɗa wa matarka, ko mijinki, ku yi addu'a tare. Hananiya da Safiratu sun haɗa baki a kan ɓoyon kuɗi, suka hallaka tare (Ayyukan Manzanni 5:1-11). Mata da miji suna iya haɗa baki a kan gaskiya kuma.

Na huɗu, ka yi sauri. Kwana ɗaya ko biyu sun isa. Yau kana iya cewa, "Na ga kuskure." Bayan wata shida tambayar da za a yi maka ita ce, "Me ya sa ka yi shiru?" Yahuza ma ya yi kukan jinkiri, ya ce da ba su tsaya ba da sun je Masar sun komo har sau biyu (Farawa 43:10). Duk kwanakin nan Saminu yana tsare.

Na biyar, ka fara zuwa wurin wanda ya shirya albashin, a keɓe. Kada ka tona shi a gaban mutane, kada kuma ka je domin a yaba maka. Ka ba shi dama ya gyara kuskurensa da kansa. Amma in ya ce ku raba, ko ya ce ka yi shiru ba wanda zai sani, sai ka wuce wurin na gaba da shi.

Na shida, ka sa a rubuce. Gajeriyar wasiƙa ta isa, da kwanan wata, da yawan kuɗin. Ka riƙe kwafi. In ka mayar da kuɗi, ka karɓi rasit mai hatimi. Kada ka damƙa wa kowa kuɗi a hannu a bayan biro. Bulus da kansa, sa'ad da yake kai gudummawa Urushalima, ya tafi da shaidu domin kada a sami abin zargi (2 Korantiyawa 8:18-21). Ka roƙa kuma a gyara lissafin haraji da na asusun CNSS, gama an yanke su bisa albashin da ya yi yawa.

Na bakwai, in ka riga ka ci kuɗin, kada kunya ta hana ka. Ka faɗi gaskiya duka, ka roƙa a yanka kaɗan kaɗan yadda iyalinka za su iya ɗauka.

6. YADDA MISALINMU YA ƘARE

Ɗan'uwanmu ya yi wata takwas yana karɓa. Ba wanda ya tambaye shi. Amma addu'a ta yi masa nauyi. In ya ga akawu ya nufo mangaza, sai gabansa ya faɗi. Ran da aka ce shi zai karɓi baiko a sujada, ya ce ba shi da lafiya.

Wata rana da yamma ya je gidan wani dattijon ikkilisiya. Bayan gaisuwa ya ce, "Baba, akwai abin da ya hana ni barci." Ya faɗa masa kome. Dattijon ya ji har ƙarshe, sa'an nan ya ce, "Ɗana, nawa ne duka?" Ya ce, "Jika 120, Baba. Ba ni da ko dala a ciki." Dattijon ya ce, "To, gobe jika 120 ne. Wata mai zuwa 135. Wanne ya fi sauƙin ɗauka?" Suka yi addu'a. Da ya koma gida matarsa ta ce, "Maigida, ni na fara cewa Allah ne. Ka gafarta mini. In ta kama, a sayar da tunkiyata."

Da safe ya tafi wurin akawu. Mutumin ya duba takardu, zufa ta keto masa. Ya ce, "Malam, da masu bincike suka riga ka, da aikina ya tafi." Suka shiga wurin darekta tare. Darekta bai yi murna ba. Ya yi faɗa a kan wata takwas ɗin, ya kuma sa aka rubuta wa ɗan'uwan takardar gargaɗi. Aka shirya za a riƙa yanke jika 10 kowane wata har shekara guda. Albashin da iyalin suka saba gani jika 105 ya koma 80. Shekarar ta yi musu tsanani. An sayar da tunkiyar. Waɗansu abokan aiki suka yi masa dariya, suka ce wawa ne, ya kai kansa.

Ba za mu ruɗe ka ba, ya mai karatu. Ba a ƙara masa girma ba, ba a ba shi tukwici ba. Wani lokaci maigida yakan yafe, kamar wakilin gidan Yusufu. Wani lokaci kuwa sai an biya har dala ta ƙarshe. Allah bai yi alkawari gaskiya za ta zo da riba a ƙarshen wata ba. Abin da mutumin nan ya samu shi ne barci, da bakin yin addu'a, da ikon duban kowa a ido. Ciki da gaskiya, wuƙa ba ta huda shi. Akawun kuma, wanda ba mai bi ba ne, ya zo har gida ya yi godiya, ya tambaye shi abin da ya sa ya yi haka. Ƙofar da wa'azin shekara goma bai buɗe ba, jika 120 suka buɗe ta. Abin da Titus 2:9-10 take nufi ke nan, cewa amincin bara a kan kayan maigidansa yana ƙawata koyarwar Mai Cetonmu.

A zamanin sarki Yowash, da kuma na sarki Yosiya, an ba masu gyaran Haikali kuɗi ba tare da an nemi lissafi daga gare su ba, domin an san su da aminci (2 Sarakuna 12:15, 22:7). Irin wannan suna ba a sayensa a kasuwa. Da ƙananan abubuwa ake gina shi, kamar yadda Yesu ya koyar a Luka 16:10.

7. BASHIN DA BA KA IYA BIYA

Watakila kana karanta wannan, zuciyarka tana tuna maka da wani abu dabam. Canjin da mai kanti ya ba ka fiye da naka. Buhun siminti da ya bi ka gida. Bashin da mai shi ya manta. In muka yi gaskiya, ba wanda littafinsa yake da tsabta. Maganar Allah ta ce dukanmu mun yi zunubi (Romawa 3:23). Bashin da Allah yake binmu ba a biyansa jika goma goma.

Saboda wannan ne Yesu Almasihu ya zo. Kolosiyawa 2:13-14 ta nuna mana cewa takardar bashin da take gāba da mu, Allah ya soke ta, ya kafe ta a kan gicciye. Wannan ita ce kyautar da Mai ita ya faɗa da bakinsa, ba kuskuren akawu a ciki, ba kuwa mai bincike da zai zo ya karɓe ta.

Ka tuna da Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko (Luka 19:1-10). Yesu bai ce masa ya biya tukuna sa'an nan ya shiga gidansa ba. Ya shiga, ya ci abinci da shi. Zakka kuwa da kansa ya miƙe ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya cuta kuma zai mayar masa riɓi huɗu. Mayar da kuɗi ba ya sayen ceto. Amma wanda aka yafe wa babban bashi, hannunsa yakan saki abin da ba nasa ba. In ba ka karɓi gafarar nan ba tukuna, ka roƙe shi yau. In ka riga ka karɓa, to, ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa gobe da safe.

TAMBAYOYI DOMIN NAZARI

1. Me ya sa 'yan'uwan Yusufu suka ji tsoro da suka ga kuɗi a buhunansu?
2. Yaushe kuɗin nan suka zama nasu da gaske?
3. Bisa ga Littafin Firistoci 6, wanne ne yake gaba, mayarwa ko hadaya? Me wannan yake koya mana a kan baikonmu?
4. In maigidanka yana riƙe da hakkinka, wace hanya ce ta gaskiya ta nemansa?
5. Wa zai iya shan wahala saboda shirunka?
6. Akwai wani abu a hannunka yau wanda mai shi bai san yana wurinka ba? Wace rana za ka je?

Aya ta haddacewa: Luka 16:10.

ADDU'A

Ya Ubanmu na sama, kai ne kake ciyar da mu, kai ne kuma kake ganin abin da yake ɓoye. Ka san ƙarancin albashinmu da yawan bukatunmu. Ka gafarta mana inda muka riƙe abin da ba namu ba. Ka ba mu ƙarfin hali mu je mu faɗi gaskiya, ka ba iyalinmu haƙuri a kwanakin biya. Ka sa tsoronka a zuciyar masu biyan albashi, su ba kowa hakkinsa a kan kari. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya biya bashinmu. Amin.